Girkin Meksiko da na Kudu maso Yammacin Amurka: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Amurka, ko don neman ilmi ko don fatauci, lalle ya ci karo da gidajen sayar da abinci waɗanda aka rubuta wa "Abincin Meksiko" a bisa ƙofa. Yawansu ya kai ga wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya nuna cewa cikin kowaɗanne gidajen abinci goma na ƙasar, kimanin ɗaya irin wannan abinci yake sayarwa. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu, galibi abin da za a kawo masa shi ne faranti mai zafi, da jar shinkafa a gefe guda, da markaɗaɗɗen wake a ɗaya gefen, a tsakiya kuma 'yar gurasa ce aka naɗe da niƙaƙƙen naman sa a ciki, sa'an nan aka lulluɓe su duka da narkakken cuku mai launin ɗorawa. To, da za a ɗauki farantin nan a kai wa wata dattijuwa mai sayar da abinci a kasuwar Puebla, can tsakiyar ƙasar Meksiko, a ce mata ga abincin ƙasarku, da wuya ta yarda.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dalilin wannan saɓani. Maganar kuwa ta wuce ta ɗanɗano kaɗai, domin bisa ƙidayar 2020 akwai mutane fiye da miliyan 35 a Amurka waɗanda tushensu Meksiko ne, kuma an daɗe ana yi wa girkin iyayensu gori ta fuska biyu. Turawan Amurka sun raina shi don na talakawa baƙi ne, mutanen Meksiko kuma sun raina shi don wai jabu ne. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, girke-girken Teksas da Sabuwar Meksiko da Kalifoniya da na Meksiko kanta tushensu guda, amma kowanne ya tashi a ƙasa dabam, ƙarƙashin mulki dabam da kasuwa dabam, har ma ana iya karanta tarihin kowanne daga abin da ke cikin tukunyarsa.

Ginshiƙin girkin Meksiko

Masara ita ce uwa ma ba da mama a girkin Meksiko. A kudancin ƙasar aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji, kuma har yau hukumomin ƙasar suna lissafa iri 59 na masarar gargajiya, akwai fara, akwai ja, akwai shuɗiya, akwai baƙa. Manoman dā suna shuka ta ne tare da wake da kabewa a gona guda, waken ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya tsare laima. Daga can ne masara da barkono da tumatir da cakulan suka bazu ko'ina a duniya bayan zuwan Turawa, har suka zama 'yan gida a ƙasar Hausa.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake sarrafa masarar. Ba a surfa ta a niƙa gari kamar yadda ake yi don tuwo. Tafasa ta ake yi cikin ruwan da aka zuba wa farar ƙasa, watau irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse, ko kuwa ruwan toka, a bar ta ta kwana a ciki, da safe a wanke, a murje ɓawon, sa'an nan a markaɗa ta da laimarta a kan dutsen niƙa. Wannan dafaffiyar masara ita ake kira nikstamal. Ƙullun da aka samu yana da danƙo, ana iya mulmula shi a faɗaɗa da tafin hannu a gasa a kan faffaɗan kasko, shi ne tortiya, wadda ita ce abincin yau da kullum, ita ce kuma cokalin da ake ɗiban miya da ita. Idan aka cusa ƙullun a cikin ɓawon masara aka turara, kamar yadda ake yin dokunu, sai ya zama tamal.

Hikimar da ke cikin wannan aiki ba a gane ta ba sai bayan an yi asarar rayuka. Akwai wani sinadari a cikin masara, niyasin, wanda jikin ɗan Adam ba ya iya amfana da shi sosai sai an dafa ƙwayar da abu mai kaifi irin toka ko farar ƙasa. Turawa sun ɗauki masara sun bar wannan dabara, saboda haka talakawan arewacin Italiya da na kudancin Amurka, waɗanda suka dogara da garin masara kusan shi kaɗai, sai cutar felagira ta far musu, mai sa fata ta yi kirci, ciki ya lalace, hankali ya gushe. An ƙiyasta cewa tsakanin 1906 da 1940 ta kashe kimanin mutum 100,000 a Amurka. Likita Joseph Goldberger ne ya fara binciken da ya tabbatar, daga 1914, cewa abinci ne sanadinta, ba a kuma gano niyasin ne maganinta ba sai 1937. Matan ƙauyukan Meksiko kuwa sun riga sun tsare 'ya'yansu daga wannan cuta tun dubban shekaru, ba tare da sun san sunanta ba.

Ginshiƙi na biyu shi ne barkono, kuma nan ma akwai abin lura. Mai girkin Meksiko ba zafi kawai take nema a barkono ba, kowane iri da aikinsa, har ma sunansa yakan canja idan ya bushe. Koren da ake kira poblano, in ya bushe ya zama ancho, mai ɗan zaƙi-zaƙi. Halapenyo kuwa in an ƙyafe shi da hayaƙi ya zama chipotle. Akan gasa iri uku ko huɗu, a jiƙa, a markaɗa tare da riɗi da gyaɗa da kirfa da kanumfari da ɗan cakulan, a yi miyar da ake kira mole, wadda kayan haɗinta kan haura ashirin, aikinta kuma yakan cinye yini guda ko fi. Miyar biki ce da suna da ranar tunawa da mamata.

Bayan da Hernán Cortés ya ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521, mutanen Sifen suka shigo da shanu da awaki da aladu da kaji da alkama da shinkafa da cuku, girkin ƙasar ya haɗiye su duka. Sai dai ya kamata a lura cewa babu wani abu guda da za a nuna a ce shi ne "girkin Meksiko". A Yucatán ana gasa naman alade a rami, an shafe shi da ruwan lemo mai tsami an naɗe da ganyen ayaba. A Veracruz, bakin teku, kifi ake dafawa da tumatir da zaitun, girkin da ke tuna wa mutum da Bahar Rum. Jihar Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka, ta yi suna da mole iri bakwai. Arewa kuwa, watau Sonora da Chihuahua da Nuevo León, ƙasa ce busasshiya ta makiyaya, inda masu wa'azin Kirista suka yaɗa noman alkama, don haka tortiyarsu ta fulawa ce, abincinsu gasasshen naman sa da na ɗan akuya da busasshen nama da ake dakawa. Wannan arewa ita ce mabuɗin abin da zai biyo baya.

Iyakar da ta ƙetare mutane

Kafin 1836, Teksas da Sabuwar Meksiko da Arizona da Kalifoniya duk lardunan arewa ne na ƙasar Meksiko. A shekarar ce Teksas ta ɓalle, Amurka ta haɗe ta a 1845, yaƙi ya ɓarke a 1846, aka ƙare shi da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a watan Fabrairu na 1848. Idan aka haɗa da Teksas, Meksiko ta rasa fiye da rabin ƙasarta. Dubun dubatar mutane masu magana da Sifaniyanci suka kwana 'yan Meksiko suka wayi gari 'yan Amurka, ba su ɗaga ƙafa daga ƙofar gidansu ba. Jikokinsu sukan ce su ba su ƙetare iyaka ba, iyaka ce ta ƙetare su. Irin wannan magana ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi.

Abubuwa biyu ne suka fito daga nan. Na farko, girkin da ya zama na Amurka a 1848 girkin bakin iyaka ne, na makiyaya, mai yawan nama da fulawa da ƙarancin kayan haɗi, wanda tun asali ya sha bamban da na Puebla da Oaxaca. Saboda haka wanda ya gwada abincin San Antonio da na Oaxaca ya ga bambanci, wani sashe na bambancin ya girmi Amurka kanta a wurin. Na biyu, daga wannan shekara masu girkin nan sun koma sayayya a kantunan Amurka, suna kuma sayar wa Turawan Amurka, kuma an san cewa mai saye shi ke juya hannun mai sayarwa.

Teksas

An kafa garin San Antonio a 1718, a 1731 kuma sarkin Sifen ya turo wasu iyalai daga tsibiran Kanari, waɗanda ke daura da gaɓar Maroko, su zauna a wurin. Manazarta da yawa suna danganta musu yawan amfani da wani ɗan iri mai ƙamshi da Larabawa ke kira kammun, wanda shi ne ƙamshin da hanci ke fara shaƙa a girkin Teksas, alhali a tsakiyar Meksiko ɗan kaɗan ake barbaɗawa. A garin nan ne aka san farfesun da ake kira chili kon karne, ma'ana barkono da nama: gutsattsarin naman sa mai tauri, a dafa shi da kitse da jan barkono busasshe da tafarnuwa da kammun har ya yi laushi. Abincin talaka ne, mai arha, mai riƙe ciki.

Daga wajen shekarun 1880, matan garin 'yan asalin Meksiko sun yi suna da sayar da shi a dandalin gari da dare, su kafa tebura su kunna fitilu, sojoji da makiyaya da matafiya su kewaye su. "Sarauniyoyin chili" ake ce musu, kuma layin dogo da ya iso garin ya kai labarinsu nesa. Sana'ar ta ci gaba har shekarun 1930, lokacin da hukumar lafiya ta birnin ta matsa musu da dokokin tsabta irin na manyan gidajen abinci, waɗanda mai tebur a fili ba ta da halin cikawa, zuwa farkon shekarun 1940 babu su babu labarinsu a dandalin. Amma girkin bai mutu ba, hannu kawai ya canja. Tun a shekarun 1890 wani Bajamushe mazaunin New Braunfels, William Gebhardt, ya fara niƙa busasshen barkonon ancho tare da kammun da wasu kayan ƙamshi yana ɗurawa a kwalba, daga baya kuma kamfaninsa ya shiga sayar da chili dafaffe a gwangwani. Ta haka matar aure a Chicago, wadda ba ta taɓa ganin ɗanyen ancho ba, ta sami hanyar dafa abin da take ɗauka abincin Meksiko ne.

Wannan garin yaji na kwalba shi ne babban abin da ya raba girke-girken biyu. Inda mai girkin Puebla take zaɓen barkono dabam don kowace miya, sai ga ɗanɗano guda ya shiga kowace tukunya. Har ila yau masu gidajen abinci na Teksas suka ari wata dabara daga girkin Turawan kudancin Amurka, watau soya fulawa a cikin kitse don a yi romo mai kauri, suka zuba masa garin yajin nan, ya maye gurbin miyar markaɗaɗɗen barkono. Chili ya ci gaba da tafiya har ya kai inda mai shi ba zai gane shi ba: a Cincinnati, wasu baƙi daga Masedoniya suka fara zuba shi a kan taliya a 1922, da kirfa a ciki. Majalisar Teksas kuwa ta ayyana chili a matsayin abincin jiha a 1977.

Sai maganar cuku. Cukun Meksiko galibi fari ne, sabo, mai gishiri, ana marmasa shi kaɗan a bisa abinci. Amurka kuwa ƙasar masana'antar madara ce. A 1916 James Kraft ya yi rajistar hanyar sarrafa cuku ta yadda zai daɗe bai lalace ba, kuma ya narke sumul ba tare da ya tsinke ba. Cukun nan mai launin ɗorawa yana da arha, yana kowane kanti, saboda haka ya mamaye girkin Teksas har ya zama tambarinsa. Haka kuma niƙaƙƙen naman sa, wanda manyan mahautan Amurka suka sa ya yi arha, ya kori guntayen nama da kayan ciki da ake gasawa a Meksiko. Shi ma tsarin zuba kome da kome a faranti guda, shinkafa da wake da sauransu, ana danganta farkonsa ga wani gidan abinci da Otis Farnsworth, mutumin Chicago, ya buɗe a San Antonio wajen 1900. A Meksiko babban abincin yini, wanda ake ci tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana, bi da bi ake kawo shi, romo tukuna, sa'an nan shinkafa, sa'an nan nama da miyarsa, wake ya zo daga ƙarshe.

Labarin nacho ya isa misali na yadda abin yake tafiya. A farkon shekarun 1940, a garin Piedras Negras, ɓangaren Meksiko na kogin iyaka, wani ma'aikacin gidan abinci mai suna Ignacio Anaya, wanda ake yi wa laƙabi da Nacho, ya soya gutsattsarin tortiya ya ɗora musu cuku da yankakken halapenyo don wasu matan Amurka da suka ƙetaro daga Eagle Pass. A ƙasar Meksiko aka ƙirƙire shi, ɗan Meksiko ne ya ƙirƙira, amma don bakin Amurkawa. A 1976 wani ɗan kasuwa, Frank Liberto, ya fara sayar da shi a filin wasa na Arlington da ruwan cuku na gwangwani, daga nan ya shiga gidajen silima na duniya. Fahita kuma asalinta naman shafin ciki ne na sa, wanda masu garke ke bai wa makiyayansu 'yan Meksiko a bakin lada don ba shi da kasuwa, su kuwa su gasa a wuta su ci da tortiyar fulawa. Wata bazawara a Houston, Ninfa Laurenzo, ta fara sayar da shi a gidan abincinta a 1973, ba da jimawa ba naman da ake kyauta da shi ya yi tsada.

Sabuwar Meksiko, Arizona da Kalifoniya

Kuskure ne babba a tara duk girkin kudu maso yammacin Amurka a kira shi na Teksas. Mutanen Sabuwar Meksiko ma ba sa ƙaunar a yi musu wannan haɗi. Turawan Sifen sun zauna a can tun 1598, suka tarar da al'ummomin Pueblo masu noman masara, kuma tsakaninsu da birnin Meksiko tafiyar kusan kilomita 2,500 ce a kan hanyar ayari. Nisan nan ya sa girkinsu ya tsaya a kan 'yan abubuwa kaɗan: shuɗiyar masara, da wake, da barkono nasu na gida. A farkon ƙarni na 20 wani masanin aikin gona, Fabián García, haifaffen Chihuahua, ya tace irin barkono dogo mai matsakaicin zafi wanda ya zama tushen noman da kwarin Hatch ya yi suna da shi. A wurinsu barkono kayan lambu ne, shi ne miyar kanta, ba a cika cakuɗa shi da kammun ko tumatir ba. Mai kawo abinci zai tambayi baƙo, "Ja ko kore?" Majalisar jihar har ta mai da wannan tambaya ta zama tambayar jiha a ƙarshen shekarun 1990, a 2023 kuma ta ayyana ƙamshin koren barkono da ake gasawa da kaka a matsayin ƙamshin jiha. Abin dariya ne a ido, amma yana nuna matsayin abin a zukatansu.

Arizona ba ta bukatar dogon bayani, domin girkinta na Sonora ne da iyaka ta raba biyu: manyan tortiyoyin fulawa sirara kamar takarda, da gasasshen nama.

Kalifoniya kuwa ita ce ta mai da abincin ya zama haja. Tako a Meksiko 'yar tortiyar masara ce mai laushi, sabuwar gashi, a sa mata nama da albasa da ɗanyen ganye da yaji, a matsa lemun tsami, a ci a tsaye a bakin titi. Akwai soyayye ma, amma sai an cusa naman ake soyawa. Wani Ba'amurke mai sayar da abinci a San Bernardino, Glen Bell, ya ga yadda ake layi a wani gidan abinci na 'yan Meksiko da ke tsallaken titi, Mitla Cafe, ya koyi yadda suke yi, sa'an nan ya gina kasuwancinsa a kan soyayyen ɓawon tortiya da ake lanƙwasawa a ajiye tun kafin mai saye ya zo, ta yadda kowane yaro ɗan aiki zai iya cika shi da nama da latas da cuku cikin ƙiftawar ido. Ya buɗe Taco Bell a 1962. A San Francisco kuma, cikin shekarun 1960, burito ya kumbura. A garin Ciudad Juárez siriri ne, abu ɗaya ko biyu ake sa masa, amma a unguwar Mission sai aka ɗura masa shinkafa da wake da nama da fiya da kirim gaba ɗaya, aka naɗe da takardar gwangwani, ya zama abincin yini na lebura a dunƙule guda.

Maganar asali

Kalmar Teks-Meks da farko sunan layin dogo ne da aka yi wa rajista a 1875, daga baya aka riƙa kiran mutanen Teksas 'yan asalin Meksiko da ita. Abin da ya manna ta ga abinci sosai shi ne littafin da wata Baturiyar Ingila mazauniyar Meksiko, Diana Kennedy, ta buga a 1972 a kan girke-girken ƙasar. Ta yi aiki na gaske, ta shiga ƙauyuka ta rubuta abin da mata ke dafawa, kuma ita ce ta buɗe wa masu karatun Ingilishi ido cewa Meksiko tana da girki mai zurfi. Amma ta yi wa farantin Teksas kaca-kaca, ta ware shi daga abin da ta ɗauka na ainihi. Tun kafin ita ma, Francisco Santamaría, a ƙamusunsa na 1959, ya yi tir da chili kon karne, ya kore shi daga cikin abincin Meksiko.

Akwai gaskiya a cikin sukar, ba a musu. Wanda ya ɗanɗani tortiyar da aka gasa yanzu daga nikstamal na daren jiya, ya kuma ɗanɗani busasshen ɓawon da ya yi wata uku a kwali, ba ya bukatar malami ya gaya masa wanne ya fi. Mutanen Meksiko sun yanke nasu hukuncin a kasuwa: Taco Bell ya gwada shiga ƙasar a 1992 ya fita, ya sake gwadawa a Monterrey a 2007, har ya canja wa takonsa suna don kada a yi masa dariya, zuwa 2010 ya rufe. A wannan shekara ta 2010 ce kuma UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun da duniya ta gāda, bisa misalin jihar Michoacán.

Sai dai ma'aunin "asali" yana da rauni ta wurare da dama. Da farko, waɗanda sukar ta fi yi wa ciwo iyalai ne 'yan asalin Meksiko da suka rayu a kan wannan sana'a a zamanin da ake hana su shiga wasu gidajen abinci na Turawa, kuma a shekarun 1920 har malamai ake turawa gidajensu a koya wa matansu su bar tortiya su koma burodi. Sun dafa abin da kantin unguwa ke sayarwa, sun sayar wa wanda ke da kuɗin saye. Bugu da ƙari, abin da ake dafawa a gidajensu dabam yake da na gidan abinci, kamar yadda wani marubuci ɗan San Antonio, Adán Medrano, ya nuna a littafinsa na 2014: akwai ganyen wani tsiro mai ƙaya irin na hamada, da kabewa, da farfesu iri-iri, cuku kuwa kaɗan ne.

Na biyu, su kansu manyan Meksiko ba su daɗe da fara alfahari da masara ba. A 1899 wani ɗan siyasa kuma marubuci, Francisco Bulnes, ya yi da'awar cewa masu cin alkama sun fi masu cin masara ƙarfi da basira, kuma cin masara ne ya hana ƙasarsa ci gaba. Sai bayan juyin juya halin da ya fara a 1910 aka soma ɗaukar abincin ƙauye a matsayin abin tinƙaho na ƙasa.

Na uku, girkin Meksiko bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Takon da birnin Meksiko ya fi alfahari da shi, wanda ake yanko namansa daga sandar ƙarfe mai juyawa a gaban wuta, jikan shawarma ne, baƙi daga Gabas ta Tsakiya suka kawo dabarar garin Puebla wajen shekarun 1930, daga baya aka sa naman alade a madadin na rago, aka ƙara abarba. Jan abin shan da suke kira hamaika, wanda ake sayarwa a kowace kasuwa, zoɓo ne, kuma Meksiko tana cikin manyan masu sayen zoɓorodon da ake nomawa a arewacin Nijeriya. Ita kanta tortiya ba ta tsira ba. Tun 1949 aka kafa kamfanin da ke yin garin Maseca, watau nikstamal da aka busar aka niƙa, sai a kwaɓa da ruwa kawai, kuma yau ɗimbin tortiyar da ake ci a biranen ƙasar daga irin wannan gari ake yin ta. Bayan yarjejeniyar ciniki ta 1994 tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada, masarar Amurka mai arha ta kwararo, ƙananan manoma da yawa suka bar gona, wasunsu suka nufi arewa neman aiki.

Waɗannan sababbin baƙi su ne suka sake juya al'amarin. Mutanen Oaxaca da suka taru a Los Angeles sun buɗe gidajen abinci inda ake yin mole irin na gida, mutanen Puebla kuma suka cika ɗakunan girki na New York. Saboda haka a titi guda na Los Angeles ko Houston yanzu ana iya samun tsohon gidan Teks-Meks mai narkakken cuku, kusa da shi motar mai tako ɗan Michoacán, gaba kaɗan kuma mai sayar da tako da gasasshen nama irin na Koriya, sana'ar da Roy Choi ya fara a cikin mota a 2008. Wasu matasan masu girki a biranen nan sun koma sayen masarar gargajiya kai tsaye daga manoman Oaxaca, suna dafa ta da farar ƙasa da dare, su markaɗa da asuba.